Agogon Amurka da La'asar Ɗin Gidanmu

Shekarun baya ne abin nan ya faru, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Akwai maganganun da nake jin su a kunnena kamar jiya aka yi su. Akwai kuma waɗanda ban sani ba ko haka aka faɗe su, ko ni ne na yi ta juya su a raina har suka canza kama. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wani daga cikinku ya tambaye ni ko ina ba shi shawara ya bar kasuwar hannun jari ta gida ya koma ta waje. Na ce masa zan rubuta abin da ya same ni, shi ya duba ko akwai abin ɗauka a ciki.

Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, sai na dawo gida Ikara ina jiran aiki. Aikin bai zo ba. Da ɗan abin da na tara na alawus na fara saye da sayar da hannun jari ta waya, a kasuwar Legas. Ni ba na cikin masu saya su ajiye shekara da shekaru. Ina saya yau, in ya ɗan ɗaga gobe ko jibi in sayar, in nemi wani. A lokacin kasuwar tana buɗewa da hantsi ta tashi bayan Azahar, saboda haka yammacina nawa ne. Ba wata riba ce mai yawa ba, amma tana taimakawa wajen takin gonarmu, tana kuma sayen maganin da ake ɗiga wa baffana a ido.

Baffan nan nawa yayan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifin namu. Malami ne. Kullum bayan La'asar, ban da Alhamis da Juma'a, yana zama a zauren gidanmu yana karantar da wani babban littafin fiƙihu. Yawancin masu zuwa manoma ne, dattawa da magidanta, wasu daga cikin gari, wasu a kan babur daga Furana da Saulawa. Ni nake jan baƙi, wato in karanta Larabcin da ƙarfi, shi kuma ya fassara ya yi bayani. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya bin rubutu, amma littafin yana kansa. A gidanmu jan baƙi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya ɗauka shi ke ja har ranar sauka, shi ke karanta shafin ƙarshe a gaban jama'a, a yi addu'a, a yi walima. Mahaifina ya taɓa ja wa Baffa wannan littafin har ƙarshe tun ban yi wayo ba. Ni kuma a lokacin da nake ba ku labari mun wuce rabi da nisa.

Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini komai a kan wannan ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna ta yabe ni. Amma a makon da muka kai rabin littafin, sai ga ɗan rago an ɗaure a bayan ɗakina. Ba ta ce na mene ne ba, ba kuma wanda ya tambaya. Kowa a gidan ya san na walimar sauka ne.

Maganar canza kasuwa daga wajen abokina ta fito. Ɗan Makarfi ne, tare muka yi jami'a, gidansu masu noman rake ne, shi kuma ya riga ni komawa kasuwar Amurka. Duk zuwan da zai yi sai ya yi mini tsiya.

"Kai har yanzu kana kasuwar da za ka kasa kaya tun safe ba mai tayawa?" in ji shi. "Can fa kana dannawa an saye. Kafin ka sha ruwa farashi ya motsa sau goma. Ga shi da dala ake yi. Kai kuma ka zauna kana gadin lamba ɗaya kamar mai gadin rumbu."

Gaskiya ne ta wani ɓangaren. Akwai ranakun da zan so in sayar, in rasa mai saye, in wuni ina kallon waya. Amma ni mutum ne mai tsoro, ko takalmi zan saya sai na koma shago sau biyu. Na ɗauki kusan wata biyu ina bincike. Na karanta abin da dillali ke cirewa. Na koyi yadda ake mayar da naira dala, da abin da ake rasawa a hanya. Na nemo ranakun hutunsu. Na ware kamfanonin giya da na caca da masu harkar kuɗin ruwa na ajiye gefe. Maganar lokaci kuwa, ita na fi ba muhimmanci. Na lissafa bambancin agogonmu da nasu, na sake lissafawa, na tambayi abokina, sannan na zauna na ga kasuwar ta buɗe da idona: ƙarfe biyu da rabi na rana. Dabarar da na koya duk ta awar farko ce, lokacin da farashi ya fi motsi. Ke nan kafin a kira La'asar na gama, na yi alwala, na ɗauko littafi. A ganina ba abin da na bari.

Da na je neman izinin Baffa, ya saurare ni har na gama, da duk "wataƙila" da "in Allah ya so" da na cika bayanin da su. Ya yi tambaya a kan abin da kamfanonin ke sayarwa, ya tambaya ko zan ci bashi in yi. Na ce a'a. Sai ya ce:

"To, saura abu ɗaya. Za ta taɓa karatu?"

"Ba za ta taɓa ba, Baffa. Na duba."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba sosai."

Ina jin a rayuwata ban taɓa faɗin magana ba tare da na bar wa kaina ƙofar fita ba sai ranar. Na sayar da duk abin da nake da shi a Legas, na canza kuɗin, na koma.

Daminar nan lafiya lau muka yi ta. In zauna bakin tagar ɗakina inda sabis ya fi ƙarfi, rago yana tuƙa a bayana, in yi awata ɗaya, in kashe waya. Wata rana a samu, wata rana a rasa, amma dai samun ya ɗan fi. Mutanen zaure suka ji labari, suka sa mini suna Alhajin Waya. Akwai wani magidanci daga Saulawa, mai noman barkono, ya girme ni sosai, shi ne ya fi kowa tsokana. Da na shigo zai ce, "Alhaji, yau nawa aka bar buhun Amurka?" In ce ba a buhu ake sayarwa ba. Ya ce, "To a tiya ne? Ka auno mini biyu in kai wa iyali." A yi dariya, Baffa ya yi gyaran murya, in buɗe littafi.

Sai wata Litinin da kaka, ana tsakiyar girbin masara. Akwai wani hannun jari da na saya ranar Juma'a ban sayar ba, abin da ba na yawan yi, don haka duk ƙarshen makon hankalina yana kansa. Biyu da rabi ta yi, ina zaune bakin taga. Ba abin da ya motsa. Lambobin suna nan yadda na bar su, manhajar da nake ciniki da ita tana cewa kasuwa a rufe take.

Na ce sabis ne. Na kashe waya na kunna. Shiru. Na ce ko hutu suke yi, na duba ranakun da na nemo, babu hutu. Na duba agogon bango, na duba na hannu, duk bakinsu ɗaya. Daga nan zuciyata ta fara kawo mini abubuwa. Ko an rufe mini asusu? Ko na karya wata doka ban sani ba? Ko dama can duk abin yaudara ce, yau ce ranar da suka tattara suka gudu? Na kira abokina, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Na fito tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Mahaifiyata tana tankaɗe, ta dube ni, ta dubi ragon, ta ce da shi, "Yau kuma lafiya?" Haka take yi in tana son yi mini magana, sai ta bi ta kan wani.

Ban san abin da ya sa na ga kamar in na matsa kusa da abokina abin zai warware ba. Na ɗauki babur na kama hanyar Makarfi. In yi 'yar tafiya in tsaya in duba, in ƙara gaba in tsaya in duba. Wani mai amalanken shanu da na wuce sau biyu, shi ma ya wuce ni sau biyu, ya tambaya ko mai ne ya ƙare mini. Na ce a'a, kasuwa nake nema. Ya dube ni, ya dubi gonakin da ke kewaye da mu, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ina tsaye a gindin wata ɗorawa, uku da rabi daidai, sai lambobin suka farka gaba ɗaya. Ja da kore suka fara tsalle. Abin da na saya ya nufi ƙasa, ya dawo, ya sake nutsewa. Na manta inda nake. Ina cikin haka na ji kiran sallah daga wani ƙauye a gefen hanya. Na samu na sayar da 'yar asara, na yi La'asar a masallacinsu, na juyo da gudu. Da na iso zaure ya cika, Baffa yana zaune, littafi a rufe a kan buzu. Ba wanda ya yi tsokana ranar. Na gaishe su, na ba da haƙuri, na fara karatu.

Bayan an tashi abokina ya kira. Wai yana wajen lodin rake ne. Na zayyana masa komai, har da mai amalanke. Ya yi dariya har da tari.

"Ai sun mayar da agogonsu baya ne da awa ɗaya."

"Su wa?"

"Mutanen can. Duk shekara suna yi in sanyi ya kusa. Sai bazara su dawo da shi."

"Agogon kasuwa ko agogon gari?"

"Na gari mana. Kasuwa tana buɗewa a lokacinta, lokacin ne ya matsa."

"Lokaci ne ya matsa," na maimaita. "Ta yaya lokaci zai matsa? Wa ya matsar da shi? Kuma don me ba ka faɗa mini ba?"

"Wallahi na ɗauka ka sani. Kai da ka yi wata biyu kana bincike!"

Na yi bincike kam. Na tambayi nawa ne bambancin lokacinmu da nasu. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne in tambaya ko bambancin yana zama wuri ɗaya. Mutumin da ya tashi a garin da ƙarfe biyu take ƙarfe biyu rani da damina, ta ina zai fara wannan tambayar?

Da safe na je na durƙusa gaban Baffa. Na shirya dogon bayani, ina tsoron ba zai gane ba. Ya ce in faɗa a taƙaice.

"Ranar ce ta makara a can," ya tambaya, "ko su ne suka makara?"

Na ce kamar dai rana ce ke gajarta musu, sai su gyara agogo ya dace da ita.

"To ai ba abin mamaki. Mu ma La'asar ɗinmu ta matso, ba ka lura ba? Da damina sai kusan huɗu muke yi, yanzu inuwa tana cika da wuri."

A nan na gane girman abin. Kasuwa ta ja baya, La'asar ta matso gaba, sun haɗu a wuri ɗaya, ni ina tsakiya.

"Amma ka ce ba za ta taɓa karatu ba," in ji shi.

"Baffa, lokacin da na faɗa gaskiya ne."

"Na sani. Ban ce ka yi ƙarya ba. Yanzu fa?"

Na ce zan san yadda zan yi.

Yadda na yi kuwa abin kunya ne da ban dariya. Sai in sa odar saye ko sayarwa kafin sallah, in cire ƙarar waya, in tura ta ƙarƙashin cinyata, in ɗora littafi. Idona a kan baƙi, hankalina a kan cinya. Duk sanda ta girgiza sai in hau tambayar kaina: an saya ne, an sayar ne, ko saƙon kamfanin waya ne? Na yi kusan mako biyu a haka. Wata Laraba muna cikin wani babi, waya ta girgiza sau biyu a jere, na ɗaga ido na mayar, na ci gaba da karatu. Baffa ya ɗaga hannu.

"Ka tsallake layi."

Na koma, na sake karantawa, na sake tsallake shi. Sai shi ya karanto layin da ka, a hankali, har ƙarshe. Zaure ya yi tsit, kuma a cikin shirun nan wayar ta sake girgiza a kan tabarma, kowa ya ji. Mutumin Saulawa ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi masa uzuri, cinyarsa ce ke kiransa." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Baffa bai yi ba.

Da jama'a suka watse ya ce in tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ya san maganin idonsa daga wayar nan yake fitowa, ya san takin bana ma haka, don haka ba zai ce in bari ba. Amma mutanen nan suna baro masussuka da kayan gona a fili su zo, ba daidai ba ne a ba su rabin mai karatu. Na ce to ko in riƙa ja Asabar da Lahadi, tunda ba kasuwa, wani ya ja sauran kwana ukun. Ya ce a gidan nan ba a taɓa raba jan baƙin littafi ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Na ce ko a mayar da karatun safe. Ya ce in je in faɗa wa manomi da kaka ya bar gona da safe, in dawo in gaya masa amsar da na samu. Ya ba ni zuwa Asabar in zaɓa.

Yanzu da nake rubutu ina ganin hanyoyi da yawa. Da na iya yin kasuwa Alhamis da Juma'a kawai. Da na iya koyon wata dabara ta bayan Magariba, tunda kasuwar ba ta tashi ba a lokacin. Da na iya komawa Legas in haƙura da abin da zan rasa wajen canji. A lokacin ma na ga hanyoyin nan, ba wai ban gan su ba. Sai dai kowace na ɗauka sai in ga raminta. Kwana biyu a mako ba za su sayi taki ba. Sabuwar dabara tana nufin sabuwar asara kafin in iya. Komawa baya kuma, in na koma sannan su dawo da agogonsu fa? Na kira abokina, ya ce, "Littafi yana nan ba inda za shi, kasuwa ce ba ta jira." Na ji kamar ya yi gaskiya. Na shiga cikin gida na ga mahaifiyata tana zuba wa rago dusa, na ji kamar bai yi ba. Na tsaya kusa da ita ko za ta ce wani abu. Ta shafa bayan ragon ta ce, "Ci abinka, kai dai ba ka da agogo."

Asabar ta zo ban zaɓi komai ba. Bayan sallah Baffa ya tambaye ni a gaban kowa, da murya mai sauƙi, me na yanke. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina dai kan tunani." Ya gyaɗa kai. Ya lalubo littafin, ya miƙa wa mutumin Saulawa.

"Kai ci gaba da tunaninka," ya ce da ni. "Shi kuma ya ci gaba da karatu."

Mutumin ya rikice ya fi ni. Ya ce, "Malam, ni da nake bin baƙi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a wake?" Baffa ya ce yatsan ma halal ne. Haka ya fara. Karatunsa a hankali yake, yana tuntuɓe, ana gyara masa, amma ban taɓa jin ya tsallake layi ba, kuma tun daga ranar bai ƙara ce mini Alhajin Waya ba. Wannan ya fi tsokanar ciwo.

Watannin sanyin nan na yi su a rabe. Asabar da Lahadi ina zaure a sahun baya. Litinin zuwa Laraba in yi sallah in koma bakin taga, ina jiyo muryarsa daga nesa yana jan littafin da na kai fiye da rabi. Da safe Baffa yakan kira ni ya maimaita mini abin da na rasa, ni da shi kawai, bai taɓa fasawa ba. Na ɗauka mahaifiyata za ta sayar da ragon. Na ma so ta sayar, don in daina jin kukansa. Ba ta sayar ba. Harawa, dusa, ƙaiƙayi, kullum yana ƙara cika.

Da zafi ya fara shigowa, wata Litinin kasuwa ta buɗe biyu da rabi kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Sun dawo da agogonsu. Na gama da wuri, na yi alwala, na riga kowa shiga zaure, na zauna kusa da buzun Baffa, inda nake zama da. Ina jin kowa ya gane. Baffa ya shigo, na gaishe shi, ya ce, "Mutanenka sun dawo?" Na ce sun dawo. Ya ce madalla. Sannan ya miƙa littafin inda ya saba miƙawa, wajen mutumin Saulawa. Na ja jiki na koma baya.

An yi saukar kafin azumi. Zaure bai ɗauki jama'a ba, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Da aka zo shafin ƙarshe, mutumin Saulawa ya tsaya. Ya juyo ya neme ni da ido, ya ɗago littafin da hannu biyu.

"Malam, a ba ɗan gida ya rufe. Shi ya share gonar nan, ni tsintar ta na yi."

Na dubi Baffa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, carbinsa kawai yake ja. Ina jin da na miƙa hannu ba wanda zai hana ni. Na tuna mahaifina, na tuna mahaifiyata da ke bayan katanga tana saurare. Na kuma tuna mutumin nan a kan babur cikin sanyi, daga Saulawa, bai fasa ko sau ɗaya ba. A karon farko cikin watannin nan amsa ta zo mini ba tare da "wataƙila" ba. Na ce, "Yaya, ƙarasa. Naka ne." Ya ƙarasa, yana bin baƙi da yatsa. Littafin da salati ya ƙare, kuma al'adar zauren ita ce kowa ya ɗauka tare da mai karatu. Muka ɗauka gaba ɗaya.

Ragon kuwa, tun da safe mahaifiyata ta sa an kai wa Baffa an yanka. Shi aka ci a walimar. Da yamma na shiga cikin gida kwashe kwanoni, na tarar da ita tsaye wajen turken, ba ta da wanda za ta bi ta kansa ta yi mini magana. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta sunkuya tana kwance igiyar, ba ta dube ni ba.

"Ragon na littafi ne," ta ce. Ta naɗe igiyar a hannu, sannan ta ƙara da cewa, "Da aka ɗauki salati na ji muryar yaron nan a ciki."

Har yau ban san ko na yi daidai ba a watannin nan. Takin shekarar ya samu, maganin ido bai yanke ba, kuma ban karanta shafin ƙarshe ba. Duka ukun gaskiya ne, na kasa auna su a sikeli ɗaya. Ina kasuwar har yanzu, amma duk shekara in kaka ta yi, tun kafin su taɓa agogonsu nake janye hannu Litinin zuwa Laraba, abin da na kasa yankewa a wancan lokacin. Mai tambayata, abin da zan iya ce maka ke nan: kafin ka koma wata kasuwa, ka duba kuɗin dillali da na canji, amma ka duba kuma me kake yi a gidanku a daidai lokacin da take ci, rani da damina, kuma wa ke jiranka a lokacin.

Waɗanda suka zauna a zauren nan da yawa suna raye, wasu ma na san 'ya'yansu suna karanta abin da nake rubutawa. Abokina ya dage cewa ya faɗa mini maganar agogo tun farko, ni ne ban saurara ba. Ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Wani kuma ya ce ba Laraba ce na tsallake layi ba, kuma ba sau biyu ba ne, ya fi. Duk wanda yake wurin, in ya ga na ƙara ko na rage, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, don Allah ya aiko mini in gyara. Maganar mahaifiyata ce kaɗai ba na neman gyara a kanta. Ita mu biyu ne a wurin.